Intanet Ta Shigo Gidanmu, Saura Sabo

Yaya Habibu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da Anti Rabi da yara. Ya sanyin can? Mu nan Kura lafiya lau, ana ta kwasar tumatir.

Tsohon modem ɗin intanet da ka aiko ya yi aiki! Na sha fama da shi, don sabis ba ya shiga ɗaki, sai da na ɗaure eriya a jikin gora na kafa ta bisa rufin soro. Jiya Baba ya ga hotunan jikokinsa a kwamfutar gidansa.

Akwai abin da na ɓoye maka. Watan jiya Baba ya taso daga gona ya biya shagon intanet na Sabo don a buɗe masa saƙonka. A gaban mutane Sabo ya ce, "Tsoho, taɓon ƙafarka zai ɓata min kafet, koma fadama." Ranar Baba ko tuwo bai taɓa ba.

Wallahi ban yafe ba. Na ajiye benci a soro, duk ɗalibin da zai duba sakamakon jarrabawa ya zo kyauta. Ba zan fasa ba sai na ga kwaɗo a ƙofar shagonsa.

Baba ya ce in bar shi da Allah. Na bar shi, amma bencin yana nan. Ka sa mu a addu'a, ka gaida kowa.

Ƙaninka,
Nura