Kwat Ɗinka Ta Dawo Gida

Baban Riedwaan,

Na tarar kana barci, ban tashe ka ba. Duba bayan ƙofa kafin ka sha shayi! Kwat ɗinka ce ta sojan ruwa, wadda na bayar sadaka bisa kuskure shekara tara ke nan, kake min gori har yau.

Na je bakin teku sayen kifi, sai na hango ta jikin wani tsoho masunci. Na damƙe hannunsa. Ya ce, "Baiwar Allah, ina da mata fa!" Na ce, "Riƙe matarka, nuna min wuyan rigar." Ga lambarka ta aiki, ga maɓallin da na ɗinka da jan zare. Shekara arba'in, ulun ko gezau! Ya rantse sanyin garin Simon's Town bai taɓa ratsa ta ba.

Yanzu na wuce tasha, ƙanwata Rugaya na jirana.

Ka yi haƙuri, kada ka nemi sabuwar rigar sanyin da Riedwaan ya aiko maka. Ita na ara na fita da ita, ita kuma na tuɓe na ba tsohon.

Sabon gorin, ajiye shi sai na dawo.

Galiema