Jirgin Baba da Likkafaninsa

Litinin, 2 ga Safar 1346

Kwarin Tarka ya kawo ruwan da ko tsofaffi ba su taɓa gani ba. Fadamar da ke tsakaninmu da tudun maƙabarta ta zama tafki, ko kan bagaruwa ba a hange. Maigari ya sa an yi shela: duk wanda ya rasu kafin ruwa ya janye, bayan kasuwa za a sa shi, inda ake sa baƙi.

Baba ya ji. Tun farkon damina yake kwance, ƙafafu a kumbure, abinci sai kurɓin kunu. Ya kira ni ya ce, "Attahiru, ni ba baƙo ba ne. Kusa da Yagana za ku sa ni." Yagana ita ce Inna, kabarinta yana can kan tudun. Na ce Allah ya ba shi lafiya. Ya ce ba addu'a ya roƙe ni ba, in je in cire ƙofar zaure.

Laraba, 4 ga Safar

Ƙofar zaurenmu, da gadon Baba, da allunan da ke ƙarƙashin rumbu, duk jirgi ɗaya ne. Tun ina yaro na san haka, amma irin sanin da ake wa tatsuniya. Baba ya yi samartakarsa a tafkin Chadi yana dakon kanwa, daga can ya zo da Inna, ya zo da allunan nan a bayan raƙuma, kowanne da huda jere a gefensa. Mutane suka yi dariya har suka gaji suka manta. Yanzu ni zan harhaɗa shi, ni da ruwan da na sani bai wuce na cikin guga ba.

Mun fito da su ni da Mato baduku, ɗan ƙanen Baba. Gara ta cinye guda, mun ba da a sassaƙo na gawo. Matata Raishatu tana ta mita, wai miji ya cire ƙofa awaki sun mai da zaure gidansu.

Asabar, 7 ga Safar

An fito da Baba inuwa yana nuna mana da sanda. Ashe ɗinka jirgi ake yi kamar ƙwarya. Ya ce da igiyar kaba, a cusa tsumma da kitse a tsakanin alluna. Daga nan zazzaɓi ya ɗauke shi, aka mai da shi ɗaki.

Mato ya ja ni gefe. "Yaya, kaba fa? Ko tinkiya ba na ɗaurewa da ita. Sirdin raƙumi da me ake ɗaure shi? Gatari fa? A ƙasar nan me aka taɓa ɗaurewa da ɗanyar fata ya kwance?" Gaskiya ban san ko ɗaya ba. Ga shi tufkar kaba za ta ci kwanaki, numfashin Baba kuwa ina jin sa har tsakar gida. Na ce ya kawo fatar.

Talata, 10 ga Safar

An gama. Rana ta busar da fatar ta ƙanƙame, in ka ƙwanƙwasa jirgin sai ya amsa kamar ganga. Na ji daɗi ƙwarai. Ban gaya wa Baba da me muka ɗinka ba, shi ma bai farka sosai ba.

Alhamis, 12 ga Safar

Kunya.

Duk gari ya fito bakin ruwa. Mato ya shiga, jirgi ya tsaya daram, mata har da guɗa. Ya yi ta zagaya bakin gaɓa yana ɗaga wa mutane hannu. Kafin azahar fata ta sha ruwa ta saki, ta yi laushi kamar ganda a tukunya, alluna suka buɗe baki. Mato ya fito ruwa iya wuya yana salati. Da ƙyar muka kamo allo biyu da suka kama hanyarsu.

Na durƙusa na gaya wa Baba, ina jiran faɗa. Cewa kawai ya yi, "Allunan sun cika?" Na ce sun cika. Ya ce kaba in ta jiƙe kumbura take yi ta ƙara kamawa, shi ya sa. Sai ya juya fuskarsa bango. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Juma'a, 13 ga Safar

Baba bai kurɓi komai ba yau.

Litinin, 16 ga Safar

Gida ya koma wurin tufka. Raishatu ta tara mata masu saƙar tabarma, kowa da kaba a cinya. Tafin hannuna ya tsage. Ta daina maganar awaki.

Maigari ya zo dubiya. Da zai fita ya ce mini a hankali ya sa an share wuri mai kyau a bayan kasuwa, ƙarƙashin aduwa, don kada a zo ana rawar jiki. Na san alheri yake nufi. Saura kaɗan in faɗa masa maganar da ba a faɗa wa babba.

Alhamis, 19 ga Safar

Mun sake ɗinkewa, wannan karon Baba yana kallo. Ya ce a cika jirgin da ruwa a bar shi nutse har ya ƙoshi. Na ɗauka zazzaɓi ne ke magana, amma na yi. An sake yi mana dariya, ban ko ɗaga kai ba.

Sai ga wata sabuwa. Ya ce tsakiyar ruwan gora ba za ta taɓa ƙasa ba, mu kuma ba mu iya tuƙi ba, juyi za mu yi ta yi da shi kamar kaza ta sha duka. Sai an kafa itace a tsakiya an rataya abin da yake kira zanen iska. Na ce ina za mu samu ƙyalle mai girman nan? Ya nuna adakarsa.

Likkafaninsa ne. Farin da ya sayo a Damagaram shekarar da Inna ta rasu. Raishatu ta fita tana kuka. Ya ce, "A naɗe bakinsa a ɗinka, amma kada almakashi ya taɓa shi." Liman ya ce muddin yana da tsarki babu laifi. Ni dai na tsani abin.

Lahadi, 22 ga Safar

Mun kwashe ruwan, jirgi ya tashi, ɗigo kaɗan ne a goshinsa, na cusa tsumma. An kawo Baba bakin gaɓa a kan tabarma. Muryarsa ba ta kai ni, sai Raishatu ta sa kunne ta ɗaga murya ta maimaita. Wai kada in kuskura in ɗaure igiyar zanen, a hannu ake riƙe ta, in iska ta fi ƙarfina in saki. Da farin nan ya cika da iska jirgi ya zabura. Na yi amai a gaban kowa. Aka ce Baba ya yi dariya.

Alhamis, 26 ga Safar

Kullum da safe ina gwadawa. Kullum tambayarsa ɗaya, daga ina iska take. Tsoro nake ji, na ruwan da na ranar, ban san wanne ya fi ba.

Laraba, 3 ga Rabi'ul Awwal

Baba ya cika bayan asuba. Allah ya jiƙansa.

Muka yi masa wanka muka naɗe shi a bargonsa. Hadari yana haɗuwa a gabas. Maigari ya riƙe hannuna a bakin ruwa ya ce, "Attahiru, kada gawa ɗaya ta zama huɗu." Liman ya dubi sama, ya dube ni, ya tattare rigarsa ya shiga. Mato ya zauna da ƙwarya yana kwasar ruwa.

Iskar yamma ta ɗauke mu lafiya har tsakiya. Can ta juya ta bugo da ƙarfi, jirgi ya kwanta, ruwa ya fara shigowa ta gefen da kan Baba yake. Mato yana ihu in ja. Duk jikina cewa yake in ja, in naɗe igiyar a hannu kamar ta raƙumin da zai gudu. Na saki. Zanen ya yi ta kaɗawa, jirgi ya miƙe. Muka jira iskar ta huce, na sake kamawa a hankali.

A tudu muka sauke zanen, ko jiƙewa bai yi ba. A nan almakashi ya fara taɓa shi, a hannun Liman. Mu uku muka sallace shi, amma da na waiga na hango mutanen gari sun yi sahu a can ƙetare. Yana kusa da Inna.

Da dawowa ba zane. Da guntun allon gawo da ya rage daga sassaƙa muka tuƙa, muka yi ta juyi a tsakiyar ruwa yadda ya faɗa, har yayyafi ya same mu. A nan kukan ya zo mini.

Asabar, 20 ga Rabi'ul Awwal

Ruwa yana janyewa, kan bagaruwa ya fito. Mato ya zo mu warware jirgin a mai da ƙofa. Na ce a bari sai bayan girbi, na sa zana a zauren. Da safe nakan je in zuba wa ɗinkin ruwa don kada kabar ta bushe, ba don komai ba.

Mamman maƙwabcinmu zai bi ayari zuwa Damagaram, na ce ya sayo mini farin ƙyalle, tsawon irin na Baba. Raishatu ta ji, ta tsaya da ludayi a hannu ta ce, "Na wa?"

Na ce tukuna dai na iska ne.