Filin Bayan Tasha

Da sunan Allah Mai rahama. Ni ne Ya'u Ɗantani na Wudil. Ƙafafuna sun daina ɗaukata, amma hankalina yana nan daram, kuma babu wanda ya tilasta mini. Na rubuta wannan wasiyya ga 'ya'yana Halliru, Sabo da Hansai, cikin daminar 1976.

Na ɗaya. Gida da gonata ta garin Indabo a raba muku yadda shari'a ta tsara.

Na biyu, filin bayan tasha. Shekara goma sha takwas ina fasa tsofaffin baturan manyan motoci a wurin, ina narka dalmar ina sayar wa masunta su ɗaura a bakin taru. Ruwan batir da toka duk a ƙasa muke zubarwa. Da wannan sana'a na ciyar da ku.

Hansai, a wannan ƙasa 'yarki Barakatu ta yi rarrafe, duk ranar da kika kawo mini abinci. Da jijjiga ta kama ta, likita a Kano ya keɓe ni ya tambayi sana'ata, sannan ya ce dalma ce a jininta. Na dawo na ce miki iska ce. Bayan mun binne ta na rufe wurin, na kuma rufe bakina. Ina kallo kika ɗora laifin a kan Turai matar Sabo, wai ita ta turo iskar, shekara shida ba ki taka ƙofarsu ba. Turai ba ta yi komai ba. Ni ne.

Na uku. Halliru, na san ɗan kwangila yana zarya wurinka, yana son filin ya gina azuzuwan firamare tunda kuɗin mai ya shigo. Kada ka sa hannu sai ka faɗa masa abin da ke ƙasar a gaban mai unguwa. A haƙe ta har ƙugun mutum, tifa ta kai ta nesa da kogi da gonaki a binne. A cike rijiyar da ke filin, a zuba jar ƙasa, a shafe tsakar wurin da siminti. In ya ƙi, ku katange filin ku bar shi, ko nawa ya taya. Yara ne za su zauna a wurin.

Na huɗu. Hansai, ki je gidan Sabo tun kafin a yi sadakar uku. Ni kuwa ban ce dole ki yafe mini ba, roƙo nake yi.

Allah Ya yi muku albarka, Ya raya abin da kuka haifa. Halliru, kai ne babba, ka riƙa haɗa su a tabarma ɗaya kowace Juma'a, ko da ba a ce komai ba.