Malaman da Na Ba Shinkafa

Mama Kanta,

Ina gaishe ki. Na san ba za ki karanta wannan ba. Ko da ranki ma ni ce mai yi miki karatu. Ɗanki yana falo yana ta yi min bayanin inda zan ajiye makulli, ni kuwa ina kicin ina rubutu.

Tattabarunki na baranda sun rame. Kyankyason da kika hana ni kashewa ya tara iyali.

Yanzu ga laifina. Kin tuna da likita ya ce in ba ki ci abinci ba sai gadon asibiti? Littafin malamanku na addinin Jain ne ya ɗaure miki gindi, mutanen nan masu tafiya ba takalmi, masu share hanya kada su taka tururuwa. Kullum da la'asar in karanta miki labarin wanda ya yi wata guda bai ci ba, ke kuma ki ture kwano. Digirina na aikin jinya bai tanadi wannan ba.

Sai na fara gyara. Malamin babi na bakwai bai sha romon wake ba, Mama, ni na ba shi. Wanda ya karɓi shinkafa a tafin hannu ya ce tsohuwa mai shan magani ba ta azumi, babu shi a littafin kwata-kwata. Siffar kawuna na Zariya na ba shi, har da tumbin. Ke kuma ki gyaɗa kai, ki ce khalas, shi ke nan, a kawo cokali. Wata takwas ina ɗura wa mutanen da suka guje wa abinci abinci.

Ɗazu na miƙa wa ɗanki littafin, na faɗa masa gaskiya. Ya yi dariya har sai da ya zauna. Wai tun kina yarinya kika haddace shi. Wai kin ce masa a waya in kika ƙi ci, 'yar Najeriyar nan ma ba ta taɓa nata, kuma kina so ki ga inda ƙaryarta za ta tsaya.

To wa yake jinyar wa? Yaya aka yi ko murmushi bai taɓa kufce miki ba?

Ya ce ni kika bar wa littafin. Zan karanta shi yadda yake, in ƙyale malaman da yunwarsu. Bas ɗin unguwar Abu Hail ba ya jira. Na wanke kwanonki, na watsa wa tattabaru gero, zan ja ƙofar a hankali yadda kike so.

Ki huta lafiya.

Rahila, wadda ta ƙara miki malami guda.