Yatsu Huɗu da Minti Biyar

Zuwa ga Auta,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara da ma'aikatan shago. Kada ka yi wa rubutun nan dariya, da hagu na yi shi, ni kaina in na duba sai in ga kamar kaza ce ta taka tawada. Likita ya ce in riƙa rubutu kullum, kai kuma ba ka ɗaukar wayata, shi ya sa na ce bari in koya a kanka.

Wata takwas ke nan da injin zarto ya cinye mini yatsu huɗu, kuma ciwon ya warke. Na ji fasto ya sanar da sujadar godiya ta keɓe sababbin bencinan da shagonmu ya yi wa coci, kuma kai ne mai tsara masu ba da shaida. Ka sa sunana. Shekara goma sha tara ina tsayawa gaban jama'a ina gode wa Allah, tun muna kafinta a ƙarƙashin rumfa har muka kai injina uku. Ban ga abin da zai sa in yi shiru bana ba.

Ka huta lafiya.
Yayanka

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, takardarka ta iso. Kwamitin sujada ya amince da sunanka bisa sharaɗi. Minti biyar ne. Ka fara daga rumfa, ka tsaya a shekarar da muka sayi inji na uku. Ka sa riga mai dogon hannu, hannun damanka kuma ya zauna cikin aljihu.

Yaya, mu faɗa wa juna gaskiya. Mutane suna zuwa ne su ji yadda Allah ya ɗaga wani, ba su kalli abin da zai hana su cin abinci ba. Za a yi manyan baƙi, har da masu tunanin ba shago aiki. Sannan ana ta magana a ikilisiya, wai mutum ba ya rasa yatsu huɗu yana tsakiyar aikin ɗakin Allah sai da dalili. Ni ban ce ba. Amma ka binciki kanka.

Naka cikin hidima,
Ƙanenka, sakataren kwamiti

Auta,

Ina gaishe ka, sakatare manya. Yaushe ka fara yi mini magana da hatimi? Ni na koya maka riƙon guduma, har yau ina tuna kukan da ka sha ranar da ka buge babban yatsanka.

Na binciki kaina kamar yadda ka ce. Na sami zunubi buhu-buhu, amma duk ina da su tun ina da yatsu goma, lokacin da ake zaunar da ni a layin gaba, kuma ba wanda ya ce in bincika. Hannun nan da zan cusa a aljihu, wa zan ɓoye wa? Wanda ya halicce shi?

Ba zan yi maka ƙarya ba, na yi wata biyu ban iya addu'a ba. Antinka, matata, ita ce ke ɓalla mini maɓallin riga, ni kuwa ina huce haushina a kanta. A cikin wannan halin Yesu ya same ni, kuma bai tambaye ni injina nawa ne a shago ba. In na tsaya a inji na uku, na yanke masa rabin godiyarsa. Zan faɗi duka, har da ranar Talatar da abin ya faru.

Allah ya kai mu Lahadi.
Yayanka

Yaya,

Gaisuwa. Tunda matarka tana yawo tana tambayar wanda ya yi, ka gaya mata ta huta. Ni ne na sa aka kashe makirufo da ka ambaci ranar Talata, ni ne kuma na ɗaga wa mawaƙa hannu suka tayar da waƙa. Na gargaɗe ka a rubuce.

Da ka ga kanka. Ka tsaya da dungun hannu a sama kana ta motsa baki, ba mai jin ka, wasu suna rufe ido, wasu suna danne dariya, har sai da masu tsaron ƙofa biyu suka riƙo ka suka sauko da kai. Kai ka jawo wa kanka. Dattawa sun yanke cewa ba za ka ƙara ba da shaida ba sai an ga natsuwarka. Shago ma ka daina leƙowa, ma'aikata sun ce in suka gan ka sai aiki ya gagare su.

Ka huta.
Sakataren kwamiti

Auta ƙanena,

Ina gaishe ka, ko da yake raina a ɓace yake. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba. Na yi kuka a hanyar gida, antinka tana riƙe da ni kamar ta ɗauko maras lafiya daga asibiti. Amma sai da na karanta takardarka na gane abin da kake tsoro.

Ranar Litinin, ana gobe abin zai faru, na dawo shago ɗaukar hulata bayan an tashi. Na gan ka da sifana kana kwance murfin ƙarfen da ke rufe haƙoran zarto, don katako ya riƙa wucewa da sauri mu cika alkawarin bencinan coci. Na ce a raina da safe zan sa ka mayar. Da safe na manta, na tura katako yadda na saba shekara da shekaru, ina zaton murfin yana nan. Ka ga laifin namu ne mu biyu.

Ba wannan na yi niyyar faɗa ba ranar Lahadin da ta wuce. Zan ce ne akwai mutumin da na kwana arba'in ina jin zafinsa a zuciya, har Ubangiji ya cire mini, na yafe masa sarai. Ba suna, ba murfi. Na so ka ji shi a ɗakin Allah don ka yarda da gaske nake. A daidai nan ka sa aka tayar da waƙa.

Alherin Ubangiji ya kasance tare da kai.
Yayanka

Yaya,

Gaisuwa. Ban san murfin da kake magana a kai ba, injin haka ya zo. In ka maimaita wannan zance gaban kowa, zan ce ciwo ne ya taɓa maka kai, kuma za a yarda da ni, don kowa ya gan ka ranar Lahadi. Ka riƙe yafewarka, ban roƙa ba. Kada ka ƙara rubuto mini.

Sai wata rana.
Mai shago

Auta,

Gaisuwa. Na ji, wannan ce ta ƙarshe. Ba wanda zai ji a bakina. Lahadi ina nan zuwa, zan gode wa Ubangiji daga inda aka zaunar da ni.

Murfin yana bayan kwabar fenti, ƙarƙashin tsofaffin buhuna, inda ka tura shi, notinansa suna cikin gwangwani. Don Allah ka ɗaura shi kafin ka kunna injin gobe. Kai ne ke tura katako yanzu.

Ubangiji ya tsare ka.
Yayanka