Wayar da Kaka Ta Kulle a Akwati

Jikalle,

Ajiye abin da ke hannunki ki saurare ni yanzun nan, ko a gaban shugabanku kike. Ina gaishe ki, ina fatan kina lafiya, amma yau ba gaisuwa ce a gaba ba. Maƙwabciyata mai kitso ce take rubuta mini, za ta ɗauki hoton takardar ta turo miki. Na ce ta sa yadda na faɗa, kada ta gyara mini baki.

Za su share babanki. Darasin nan nasa na gyaran keken ɗinki, wanda ya sa a intanet kyauta shekarar da ya fara ciwo. Jiya na danna shi a wayata sai wani jan rubutu ya fito. Mai kitso ta karanta, wai masu wurin za su kwashe duk darussan kyauta ranar Asabar.

Shekara huɗu ke nan da rasuwarsa, kullum da hantsi ina zama bakin gado in saurare shi. Ya ce, "Kafin ka zargi keke, duba allura." Sai ya yi gyaran murya irin na mahaifinsa sak. Ni ko zaren keke ban iya sawa ba, amma na haddace shi tas.

Na dai yi dabara. Na kashe wayar, na naɗe ta a tsohon zane, na sa a ƙasan akwati na kulle. Makullin yana wuyana. In sun isa su zo su ɗauka. Mai kitso tana ta dariya, wai ba haka abin yake ba. Ita kitso ta sani. Ke da kika yi karatu faɗa mini.

Allah ya yi miki albarka.
Kakarki

*

Kakata ta kaina,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafa? Na karanta takardarki a ɗakin magani, na yi dariya har da ƙwalla, daga baya ƙwallar ta ƙi tsayawa.

Tsohuwa, mai kitso ta fi ki gaskiya. Baba ba ya cikin wayar. Wayar taga ce kawai, shi yana can wurinsu, ke leƙe kike yi. In kika bar ta a akwati, ranar Asabar taga za ki tarar babu kowa a bayanta.

Sai an sauke darasin ya zauna a cikin wayar. Na gwada daga nan, sun ce sun rufe karɓar sababbin ɗalibai, waɗanda suka yi rajista tun da kaɗai za su iya saukewa. Ke kuwa da hannunsa ya yi miki rajista, ina tsaye. Ya ce ke ce ɗalibarsa ta fari.

Ba za su ba ni hutu kafin Asabar ba. Don Allah ki buɗe akwatin, ki ba mai kitso wayar. Na turo mata yadda za ta yi, daki-daki.

Ki huta lafiya.
Jikarki

*

Jikalle,

Sallama. Ƙafa da sauƙi. Ban buɗe ba tukuna, kada ki yi mini faɗa.

Na kai makullin bakin kwaɗo har sau biyu, ina fasawa. In na kunna suka gane inda yake fa? Yanzu ko ba komai na san yana ƙarƙashin zannuwana. Kwana biyu ban ji shi ba, ɗakin ya yi mini faɗi.

Ranar da ya ɗauki darasin nan a waya, a ɗan shagonsa ne na ƙofar gida. Ya jingina waya da gwangwanin mai, ya hana kowa tari. Ni kuwa na shigo da tsintsiya ina mita, wai ya cika mini tsakar gida da kawunan kekuna. Ya ce, "Inna, duniya tana jin ki." Na ce to ta ji. Da na sani da na yi shiru, ya yi ta magana.

Mai kitso ta ce in rubuta miki cewa gobe Juma'a ce. Na sani, ba sai ta tuna mini ba. Ta kuma rantse in ban ba ta makullin ba, ba za ta ƙara taɓa kaina ba. Kin ji mugunta.

Ki yi mini addu'a.
Kakarki

*

Kaka,

Ina gaisuwa. Ban taɓa yi miki ƙarya a kan Baba ba. Buɗe.

Jikarki

*

Jikalle,

Sallama, da albishir. Na buɗe. Mai kitso ta sallami mata biyu da rabin kitso a ka, ta zauna a tabarmata tana dannawa. Can sai ta ce, "Kaka, duka sha takwas ɗin zan sauke?"

Na ce sha takwas ɗin me?

Ashe darasi goma sha takwas ya yi. Ni wuri ɗaya ya nuna mini in danna, shi nake dannawa shekara huɗu. Sha bakwai suna ƙasa, ban taɓa jin su ba. Duk sun sauka, ta kashe data ta kunna mini, ga shi yana magana. Ta kuma zuba su a wayarta, saboda tsaro.

Ba zan cinye su rana ɗaya ba. Ɗaya kawai na ce ta taɓa, ta taɓa na tara. Hannun wata ne yake riƙe masa fitila, fitilar tana rawa, yana cewa, "Haba, ki daina ba ni dariya." Sai ta ƙyalƙyale. Uwarki ce. Rabon da in ji wannan dariyar tun yana raye.

Kada ki faɗa wa baffanninki tukuna, su bari. Uwarki za ki fara kira. Ki ce ta zo, in ji ni, na ajiye mata wuri a bakin gado.

Allah ya tsare.
Kakarki