Ni Na Riƙe Masa Rigar

Gwaggo, don Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya kulle, kuma ranar Alhamis mai zuwa ake so in buɗe baki a gaban manya. Kada ki sa sunana, ki ce matar kofur kawai, ai muna da yawa.

Mijina ɗan sanda ne, shekara goma sha ɗaya yana kofur. A bariki muke, ɗaki biyu, da yara uku, da wata fanka wadda ta girmi aurenmu. Ƙanena da muke ciki ɗaya gyaran fanka da dutsen guga yake yi a wani ɗan shago bakin kasuwa. Shi da maigidan sun saba tsokanar juna, yana kiransa babban kwamanda, shi kuma yana ce masa injiniyan bola.

Watan jiya fankar ta tsaya karo na huɗu. Ni da maigidan muka biya shagon da ita da safe, shi zai wuce aiki, ni zan shiga kasuwa. Ƙanena ya juya ta, ya shinshina, ya ce a gaban masu shaguna wannan ba gyara take nema ba, jana'iza take nema, in kuma albashin kwamanda bai kai sayen sabuwa ba a faɗa, a yi masa karo-karo. Aka kwashe da dariya, har da ni, Allah ya yafe mini. Ban sani ba ashe ranar maigidan ya ga an sake yankar masa albashi, wai kuɗin sabon takalmin da har yau ba a raba musu ba.

Bai ɗaga murya ba, Gwaggo. Ya cire hula, ya ɓalle maɓallan rigar kakin ɗaya bayan ɗaya, ya ninke ta tsaf yadda nake yi in na gama guga, ya miƙo mini. Ni kuma na sa hannu biyu na karɓa, don kada ta yi datti. A barikinmu ko yaro ya san wannan dabarar, in babu riga a jikinka, duk abin da ka yi rigimar gida ce, babu ruwan hukuma. Sai dai da ya cire rigar bai cire kulkin da ke ƙugunsa ba. Sau uku ya sauke shi, ƙanena yana kare kai da hannun dama. Likita ya ce ƙashin ya karye wuri biyu.

Yanzu ki ji hukuncin. An dakatar da maigidan daga aiki sai an gama bincike, amma albashinsa na shiga cif-cif. Tun da na aure shi ban taɓa ganin ya huta haka ba, har kumatu ya yi. Da yake babu kuɗin motar zuwa aiki, albashin ya yi auki a karon farko, ya je ya sayo sabuwar fanka, a ƙarƙashinta yake wuni yana karɓar abokan aiki masu zuwa jaje. Shi kuma wanda aka karya, da yake ba shi da hukumar da za ta dakatar da shi, shagonsa a rufe yake, matarsa ga tsohon ciki, har sun fara sayar da kayan aikinsa. Ni ce ke ɗibar abinci a ɓoye ina kai musu. Kin ga ke nan da albashin wanda ya karya shi nake ciyar da shi, kuma yana godiya.

Da ƙanena ya kai ƙara, a kantar ofishin 'yan sanda aka ce masa mutumin ba ya cikin kaki, maganar dangi ce, a je gida a sasanta. Da ya nace, aka ce to ai ɗan sanda ne, maganar cikin gida ce ta hukuma, ya jira kwamiti, wanda zai zauna ranar Alhamis ɗin nan. Masu shagunan da suka yi dariyar nan kuwa, duk cikinsu babu wanda ya ga komai, kowa lokacin ya sunkuya yana ɗaure takalmi. Saura ni kaɗai.

Shekaranjiya sajan ɗinsu ya kawo mini takarda a buge, saura sa hannu. A ciki an ce kokawar wasa suke yi, ƙanena ya zame ya faɗi kan teburin aikinsa, babu kulki a wurin. Da yamma matar sajan ta leƙo wai gaisuwa, ta tuna mini cewa wanda aka kora, mako biyu ake ba iyalinsa su kwashe kaya. Innarmu ta ce in rufa wa aurena asiri, ƙashi yana haɗewa. Ƙanena bai roƙe ni komai ba. Abin da ya ce kawai shi ne, “Yaya, ki duba yaranki, ni na yafe miki tun yanzu.” Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Ba na so ki ɗauka mijina dodo ne. Bai taɓa ɗaga mini hannu ba. Yana wuni tsaye a rana, batirin tocilarsa ma shi yake saya, takardar rubuta ƙara ma wani lokaci daga aljihunsa. Ina son sa, kuma ina jin kunyar kallon hannun ƙanena. In na faɗi gaskiya, ina zan kai yara uku? In na sa hannu, da wane ido zan sake shiga gidanmu?

Matar kofur

'Yata,

Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma na jinjina wa wannan hukunci mai sa kumatu. Da haka ake hukunta kowa, da an yi layi.

Gaskiyar mijinki ɗaya ce, kuma ba ƙarama ba ce: albashinsu bai taka kara ya karya ba, kuma babu namijin da zai ji daɗi a yi dariyar aljihunsa a bainar jama'a. Bakin ƙanenki ya yi kaifi. Amma ba shi ke yankar albashin ba, masu yankarsa suna ofis, kuma ban ji kin ce an cire musu riga ba. Ki kuma lura, mutumin da ya tsaya ya ɓalle maɓalli ya ninke riga, ba fushi ne ya ɗebe shi ba, ya san abin da zai yi, ya kuma san hanyar fita. Kulkin nan amanar jama'a ce, ba a ba shi don rigimar surukai ba.

Kada ki sa hannu a takardar da ba ke kika faɗi abin da ke cikinta ba. Gobe in magana ta juya, sunanki ne a ƙasa, ba na sajan ba. Ki sa ƙanenki ya karɓi takardar likita, ya ajiye kwafinta a wani wuri. Sannan kafin Alhamis ki zaunar da mijinki a gaban babban da yake jin nauyi, ba ke kaɗai ba, ki gaya masa abin da kika gani za ki faɗa, babu ƙari babu ragi. Ki ba shi dama ya riga ki. Ya amsa laifinsa da bakinsa, ya ɗauki nauyin magani da cefanen gidan ƙanenki a fili har hannun ya warke, ya je ya ba da haƙuri a shagon da abin ya faru. Ba zan yi miki alkawarin aikin zai tsira ba, amma wanda ya zo da amsa laifi da diyya a hannu ya fi samun mai roƙa masa sassauci. Ke kuma ki fara shiri tun yau, ki nemi inda za ku raɓa in an ce ku tashi, ki faɗa wa dangin da za su iya tallafa miki.

Na san ɗaki biyu ba wasa ba ne ga mai yara uku. Amma in kika sa hannu, za ki ci gaba da zama da mutumin da ya gwada ya ga duka ba ya jawo masa komai sai hutu, kuma kin koya wa duk gidan cewa in ya yi, shiru ake yi. Kin ce bai taɓa ki ba, Allah ya sa ya ɗore. Ranar da bai ɗore ba, ke ma shaida za ki nema.

Allah ya ba ƙanenki lafiya, ya sauki matarsa lafiya, ya shirya miki mijinki, ya kuma tsayar miki da murya ranar Alhamis.

Gwaggo